Wanda Ya Laƙƙana wa Mansir Kalma

Duk unguwar Gwallaga an san Malam Hammajoda. Ɗinkin hula yake yi a ƙofar gida, amma ba shi ya sa aka san shi ba. Shi ake kira in ciwon mutum ya yi tsanani. Shekara talatin yana zama a kan masu gargara, yana laƙƙana musu kalmar shahada har rai ya fita, ya rufe ido, ya ɗaure haɓa, ya yi wanka.

Nasa ɗan kuwa ko ɗaya bai samu daga hannunsa ba.

Mansir hafsan sojan sama ne, matuƙin jirgi mai saukar ungulu. 'Yan ta'adda suka harbo jirginsa a wani daji na Borno. Aka kai Malam Abuja, aka nuna masa akwati a rufe da tuta a kai. Aka yi salla, aka harba bindiga sama, aka ce jarumi ne. Malam bai yi musu ba. Ya dai bi manyan hafsoshi uku da tambaya ɗaya: da me yaron ya cika? Kowa ya ce Allah ya jiƙansa. Wannan kuwa ba amsa ba ce.

Ya dawo Bauchi da tambayarsa. Bai yi kuka ba. Amma duk gidan da aka kira shi, in mara lafiya ya samu kalma, sai tambayar nan ta dawo wa Malam sabuwa.

Ranar da shekara ta cika, Habibatu, uwar Mansir, ta yi suyar masa aka raba sadaka. Bayan la'asar keke napep ya tsaya a ƙofar gida, wani mutum ya fito yana jan ƙafa ɗaya. Ya durƙusa da ƙyar a bakin tabarma.

"Baba, sannu. Ni ne Saje Job, makaniken jirgin oga Mansir. Muna tare ranar. Mama tana lafiya?"

Malam ya ajiye allura, ya ƙare masa kallo.

"Shekara guda! A ƙasa ka tako daga Maiduguri?"

"Asibiti ya riƙe ni wata biyar, Baba. Sauran bakwai ɗin tsoro ne."

"Tsoron me? Ina cizo ne?"

"Na yi wani abu. Ko matata Roda ban gaya mata ba."

"Faɗi. Kada ka yi mini kwana-kwana."

Job ya sunkuyar da kai. Ya ce da jirgin ya faɗi, su biyu suka rage da numfashi. Ya jawo oga zuwa gindin wata bishiya, ya ga dai ba za ta yi ba. Babu Musulmi a kusa, babu kowa ma.

"Ni a Yelwa na tashi, Baba, cikin Musulmi. Na taɓa ganin yadda aka yi wa maƙwabcinmu da zai mutu. Sai na sa baki a kunnen oga, na faɗa masa kalmarku. La'ilaha illallahu. Ni Kirista ne. Tun ranar nake tunani, ko na ɓata masa, tunda ba daga bakina ya kamata ta fito ba."

Malam ya matso har gwiwarsu ta haɗu.

"Ya faɗa?"

"Ya faɗa."

"Da kunnenka ka ji, ko leɓe ka ga yana motsi?"

"Na ji, Baba."

"Ka ce masa 'faɗi', ka matsa masa?"

"A'a. Ni dai ina faɗa a hankali, sai ya kama."

"Bayan nan ya yi wata magana?"

Job ya kau da kai. Ya so ya ɓoye, Malam ya gane.

"Kai, dube ni. Ya yi magana?"

"Ya yi. Ya ce, 'Job, Inna za ta sha wuya.'"

Malam ya gyara zama. Ya san ƙa'idar aikinsa: in mai gargara ya faɗi kalma, shiru ake yi masa. In ya sako zancen duniya, sai an sake laƙƙana masa, don ita ta zama ta ƙarshe.

"To, sai ka yi me?"

"Ban san abin yi ba. Sai na sake faɗa masa. Ya maimaita. Daga nan bai ƙara cewa komai ba. Na rufe masa ido."

Malam ya daɗe yana kallon mutumin nan. Ana ta wucewa a layi, masu acaɓa na hon, bai ji ba.

"Wa ya koya maka a sake?"

"Babu. Na yi laifi ne, Baba?"

"Laifi? Akwai masu gemu a unguwar nan da ba su san haka ba. Ba bakinka ake dubawa ba, nasa ake dubawa. Tashi daga durƙuson nan, ƙafarka ba ta da lafiya. Hau tabarma."

Ya miƙe, ya shiga zaure, ya tsaya a bakin ƙofar cikin gida.

"Habibatu! Fito ki ji. Yaronki ya cika da kalma."

 Sai ya dafa bango, ya zauna a ƙasa, ya yi kukan ɗansa.