Wayar Bakin 'Yar Laure

Balaraba ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ta fari ba. A gidansu na Argungu haka ake yi, haka ta tarar uwarta na yi. Da aka yaye yarinyar, yayar mijinta, Hajiya Laure, ta zo ta ɗauke ta riƙo zuwa Badariya a Birnin Kebbi. Tun daga ranar Balaraba ke ce mata 'yar Laure. Sauran mutane na ce mata Ummu Hani.

Yarinyar ta tashi da karatu. Ta haddace Alƙur'ani a wajen Malam Muhyiddeen, ta shiga musabaƙa, bara ta zo ta biyu. Malamin ya ce ba hadda ce ta kayar da ita ba. Haƙoranta na sama ne suka turo gaba, iska na kuɓuce mata a wasu haruffa, alƙalai kuwa suna ji. Bana ce damarta ta ƙarshe, domin baɗi shekarunta sun haura ƙa'ida. Hajiya Laure, wadda ta yi ritaya daga aikin gwamnati kuma ba ta saba jiran shawarar kowa ba, ta ce a sa mata wayar gyaran haƙori.

Ranar da za a sa, Balaraba ta kawo musu shinkafa da albasa daga gona. Laure ta ja ta cikin keke-napep, suka tafi asibitin tare da yarinyar. Likitan, Dakta Taufiq, ya duba bakin yarinyar, ya wanke hannu, ya zauna.

"Akwai abin da jikinta ba ya karɓa?" ya tambaya. "Magani, ko abinci, ko ƙarfe, kamar ɗan kunne ko agogo?"

"Babu," in ji Laure. "Ni na rene ta. Ga 'yan kunne nan gare ta tun tana ƙarama, ba su taɓa yi mata komi ba."

Gaskiya ta faɗa. Laure ba ta taɓa saya wa yarinyar ɗan kunnen da ba na zinari ba. Amma kafin Laure akwai wasu 'yan kunne na ƙarfe da Balaraba ta sayo a kasuwar Argungu bayan an huda kunnen jaririyar. Kunnuwan suka kumbura, suka yi ruwa, fatar ta saɓule. Balaraba ta cire su a cikin ɗaki ta zura zare. Kafin yaye ta sake gwadawa, aka sake yin haka. Ba ta gaya wa kowa ba, domin mai haihuwar fari ba ta bari a gane tana duba jikin ɗanta.

Likita ya juyo wajen Balaraba. "Hajiya, ke fa? Kin san wani abu?"

Laure ta yi dariya. "Wagga? Ai ko sunanta ba ta iya hwaɗi, likita. Ƙyale ta."

Balaraba ta dubi tayil ɗin ƙasa. Amsar na kan harshenta. Amma in ta faɗa, ta nuna ta san jikin yarinyar fiye da wadda ta rene ta, a gaban baƙo, a gaban yarinyar.

"Uwarta ta hwaɗa maka," ta ce.

Aka sa wayar.

Bayan an cire albasa Ummu Hani ta zo Argungu don ta yi tilawa inda babu hayaniya. Takan zauna bayan rumbu, Balaraba kuma ta sami aikin yi kusa da wurin, tsintar shinkafa ko gyaran kuka, ta ba ta baya. Da kunne ta fara gane akwai matsala. Muryar na nan, amma yarinyar na tsayawa inda ba a tsayawa, tana haɗiyar miyau. Da rana, wajen cin tuwo, Balaraba ta saci kallo. Dasashin ya yi ja ya kumbura har ya hau kan ƙarfen. Gefen leɓɓan ya tsage yana ruwa. Ta san wannan ruwan.

"An ce haka yake yi da farko," Ummu Hani ta gaya wa ƙannenta, ba wanda ya tambaye ta. "Zai saba."

Balaraba ta yi abin da ta iya. Ta ɗumama ruwa, ta zuba gishiri, ta matse lemun tsami da yawa, irin haɗin da ake kurkure baki da shi a gidansu in miki ya fito. Ta ajiye kofin a kan turmi ta wuce. Yarinyar ta ɗauka ta kurkure baki. Safe da yamma kofin na kan turmi. Da tauna ta gagara, Balaraba ta koma dama mata kunun tsamiya, mai tsami sosai, yadda take so. Tun bayan yaye wannan ne karo na farko da wani abu ya fito daga hannun uwarta kai tsaye zuwa gare ta, ta kuwa riƙe shi. Da ta koma Badariya ta ci gaba da haɗa ruwan da kanta, ba ta gaya wa Laure ba.

Balaraba ta kira Laure a waya da niyyar faɗin zancen kunnuwan. Suka gaisa, ta tambayi zafi, ta tambayi ƙafar Laure, suka yi sallama. Ta gwada wajen mijinta, Malam Abbas.

"Malam, bakin 'yar Laure ɗin nan..."

"Yaya na kula da ita," ya ce. "Yaushe kika fara sa ido ga ɗiyar mutane?"

Da wasa ya faɗa. Ta yi murmushi ta bar zancen.

Ana saura 'yan kwanaki musabaƙa Laure ta kira da hantsi, ba gaisuwa. "Ki taho. Bakin ya rufe."

Balaraba ta hau motar Birnin Kebbi da zanen aikin gida. A asibiti ta tarar da yarinyar a kan kujerar likita, leɓɓanta sun yi suntum, harshen ya yi jawur. Dakta Taufiq na cire ƙarafan ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a faranti. Da ya gama ya yi musu bayani, muryarsa ba sama ba ƙasa. A cikin wayar akwai wani ƙarfe da ake kira nikel. Kaɗan-kaɗan yake narkewa cikin miyau, yawancin mutane ba ya yi musu komai. Wasu kuwa jikinsu ba ya karɓarsa sam, kuma alamar da aka fi gani ita ce ɗan kunnen ƙarfe ya ci musu kunne. Da ya sani, akwai wata irin waya da zai sa. Abu mai tsami kuma na ƙara cin ƙarfen, ya ƙara ƙona mikin.

"Tana shan wani abu mai tsami? Ko kurkure baki?"

Ummu Hani ta rufe ido.

"Ni na haɗa mata," in ji Balaraba. "Lemun tsami da gishiri. Kunnuwanta ma sun yi haka tana goye."

Laure ta juyo a hankali. "Kina zaune nan anka yi tambayar, Balaraba."

"Ina zaune."

Likita ya ɗauki biro. Ya rubuta magani. Laure ta tambaye shi zancen musabaƙa, ya ce bakin zai warke, amma ba cikin kwanakin nan ba. Haƙoran kuma, tunda an cire wayar a tsakiyar aiki, za su iya komawa inda suke.

Ranar musabaƙar Malam Muhyiddeen ya tafi da wata ɗaliba. Laure ta shige ɗakinta ta rufe. Balaraba ba ta koma Argungu ba tukuna. Tana zaune a tsakar gida, yarinyar na kan tabarma da kofin ruwa da cokali, domin da cokali take sha. Rediyon maƙwabta na kawo karatun, muryar wata yarinya na bi ta kan katanga. Leɓɓan Ummu Hani suka motsa suna bin ayar, ta daina saboda zafi.

Da ƙyar maganar ta fito. "Inna, ranan kin ji abin da likita ya tambaya?"

"Na ji."

"Kin tuna da kunnuwan?"

"Ban taɓa mancewa ba."

Yarinyar ta jira. Balaraba ta dubi 'yan kunnen zinarin, ta dubi bakin. Ta buɗe baki za ta kira sunan, sunan da ita ta zaɓa ta raɗa wa Malam Abbas kafin ranar suna. Sunan bai fito ba.

"'Yar Laure," ta ce, "sha ruwanki."

Yarinyar ta ajiye cokalin ta juya wa katanga fuska. A rediyo aka kira mai karatu ta gaba.