Babban Faifai

Issaka ya ɗaga tayar baya, ya murza feda da hannu, ya ja ɗan mariƙin da ke jikin keken. Sarƙa ta yi ƙwas, ta haye wani faifan.

"Ka gani, Baba? Pinyo, wato faifan nan, biyar ne a baya. Ƙaramin na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne, babban na hawan tudu. Ƙafa ta yi ta juyawa, gwiwa ta huta."

Mahamadu wanzami ya taɓe baki. Shekara ashirin da biyu yana zaga ƙauyuka da zabirarsa a kan baƙin keke mai giya ɗaya, mai nauyi kamar buhun dawa, ga shi nan jingine a rumfar Issaka da ke Guéma. Kusa da shi kuma wannan siriri, wanda wani Bature ya ƙetaro hamada da shi, ya sayar a Gare, tashar jirgin ƙasa, ya shiga jirgin Cotonou.

"Wato in riƙa wutsil-wutsil da ƙafa a gaban jama'a, da furfurata?"

"Haka kowa ke cewa," in ji Issaka. "Tun da juyin juya hali ya zo, kayan gyara sai labari. Duk wanda ya sayi irinsa, cewa yake in cire ƙarfen canjin, in rage sarƙa, in ɗaure ta a ƙaramin faifai, wai shi ne na maza. Kai dai ari, ka gwada."

Gaskiyar da Mahamadu bai faɗa ba ita ce tsoro yake ji. Wancan watan gwiwarsa ta ƙi a hanya, a motar doya aka dawo da shi. Ɗansa Sanoussi ya rantse in aka sake, zabira za ta hau ƙusa, ba ta ƙara saukowa. Ga shi gobe sunan ɗan da 'yarsa Zinatu ta haifa a Kolokondé, kuma duk jikokinsa babu wanda askar wani ta fara taɓa kansa.

Ya ɗora siririn a kan babbar mota zuwa Djougou. A shingen bakin gari wani mai jan ƙyalle a hannu ya duba takardunsa, ya dubi keken.

"Kamarad, wannan ai na 'yan jari-hujja ne."

"Keken ne nasu, ɗana. Gwiwar ta talaka ce."

Mutumin ya yi dariya, ya ɗaga igiya.

Bayan azahar ya kama jar hanyar Kolokondé, sarƙa a ƙaramin faifai kamar kowane namiji. Da farko keken gudu yake kamar an biya shi. Amma da ya ƙetare wani rafi, hanya ta miƙe sama, gwiwar ta tuna masa da kanta. Ya tashi tsaye a kan feda, wani zafi ya soke shi har tsakar ka. Nan take ya hango ƙusar bangon ɗakinsa.

Ya duba gabas, ya duba yamma. Gonakin doya ne kawai da shukar dawa. Ya miƙa hannu a hankali, kamar mai satar nama a tukunya, ya ja mariƙin har ƙarshe.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ƙafafunsa suka shiga juyawa ba nauyi. Keken na tafiyar hawainiya, amma yana tafiya, shi kuwa yana zaune daram. A tsakiyar tudun ya iske wani saurayi majiyi ƙarfi yana tura baƙin keke, gumi har gwiwar hannu.

"Sannu da aiki, kamarad!" in ji Mahamadu, ya wuce shi yana wutsil-wutsil. Daɗi ya kama shi har ya ji kunyar kansa.

Saura ƙiris ya shiga gari wani busasshen reshe ya faɗa cikin tayar baya. Ƙarfen canjin ya murɗe, ya rabu biyu. Ya ja keken zuwa gindin mangwaron bakin kasuwa, inda Yaou mai gyara ke zama.

Yaou ya juya guntayen a tafinsa, ya girgiza kai.

"Wannan ko a Cotonou sai an dace, Baba. Sai dai in rage sarƙar, in ɗaure ta wuri ɗaya. A ƙaramin ko?" Har ya kai hannu.

Mahamadu ya dubi tayar baya. Mutanen da ke zaune a benci duk sun zuba masa ido. Ya tuna tuddai nawa ne tsakanin nan da ƙauyukan da ke jiran askarsa.

"A babban."

"Babban? Ai na tsofaffi ne, Baba."

"To, ni yaro ne?" Ya gyara ratayar zabirarsa. "Ɗaura, ka yi sauri. Akwai kan da ke jirana gobe, kuma bayansa da saura."