Haƙorin Makkan Lawal

Ƙanena Gwadabe taurin kai gare shi, na faɗa na ƙara. Da yaƙin basasa ya ƙare muka komo Onitsha, ya koma sayar da albasa a kasuwar Ose Okwodu. Yayanmu Lawal ne babu, shi da ya tsaya gadin gida ranar da muka gudu. Wajen gyaran gidan aka tono ƙasusuwa a bayan rijiya, da haƙorin Makkansa muka gane shi. Aka yi masa sutura. Sai daga baya na gano Gwadabe ya ɓoye haƙorin a aljihu.

Na yi faɗa har na gaji, na ce a kai wa mamaci abinsa. Ko a jikinsa.

Da kuɗin mai suka shigo gari, ya ji labarin wani likita a Enugu mai dasa ƙusa a muƙamuƙi ya ɗora haƙori a kai. Dama Gwadabe yana da giɓi sama da ƙasa, ya ce haƙorin Lawal za a ɗora masa. Na bi shi don ban yarda da shi ba. Likita ya duba hoton ƙashin, ya ce na ƙasa da ƙwari, zai riƙe ƙarfe, na sama kuwa laushi gare shi kamar totuwa. Gwadabe ya kafe sai sama, gefen hagu, inda na Lawal yake ƙyalli in ya yi dariya. Ƙarshe aka dasa ƙusa biyu, a ga wadda za ta kama.

Bayan wasu watanni muka koma. Likita ya ƙwanƙwasa ta ƙasa da gindin ɗan madubinsa, ta yi ƙara ƙal-ƙal. Ya ƙwanƙwasa ta sama, ta amsa dum, kamar ana buga ƙofar ɗakin da ba kowa. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Gwadabe ya sa aka sake bugawa, ya rufe ido yana saurare. Likita ya ce ƙashin bai karɓa ba, ƙusar motsi take, amma ga ta ƙasa daram, yau ma sai ya ɗora. Gwadabe ya girgiza kai.

A mota, da muka kusa gari, Gwadabe ya juyo gare ni.

"Yaya Tani, ya ƙi zama a wurina."

Washegari ya nemi in ara masa fartanya, ya nufi maƙabarta. Ni da na ci gardama, ni na fi shi kuka.