Man Hana Tsufa a Hanyar Dapaong

Sayyada ta lakato man da ɗan yatsa, ta ɗiga a goshi, ta ɗiga a gefen idanu, sannan ta shiga murzawa daga ƙasa zuwa sama, yadda Memounatou mai kayan kwalliya ta koya mata a kasuwar Sokodé. Wai in aka murza ƙasa, fatar bin hannun take yi ta zube.

"Mota ba za ta jira fuskarki ba," in ji mijinta Malam Isah daga bakin ƙofa. "Gari yana ci da wuta, ke kina nan kina yaƙi da shekaru."

"Kai ka yi naka yaƙin da carbi, ka bar ni da nawa," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Duk unguwar Komah an san Sayyada ta yi tashen kyau a zamaninta, kuma an san ba ta yarda zamanin ya wuce ba. Tun ranar da wata yarinya ta ce mata "Kaka" a gidan biki, ta sayar da turmin atamfa ta fara sayen irin wannan ƙaramar kwalba mai rubutun Faransanci da hoton wata Baturiya mai fuska kamar ɓararren ƙwai. Kwalbar nan ita ce ta uku. Kullum sai ta duba madubi ta ce ta ga canji. Malam kuwa cewa yake shi ma ya gani, a cikin akwatin zannuwanta.

Amma yau hankalinta ba a kan madubi yake ba. Abdulƙadiri, ɗanta na fari, yana tsaye a tsakar gida da ƙunshin kaya a hannu. Ɗalibi ne a Lomé. Da rikici ya ɓarke a can, ya gudo gida da wani mugun rauni a kafaɗar hagu, wanda ya samu wajen tsallake shingen waya ranar wata zanga-zanga. Tun dawowarsa wasu baƙin fuska ke zagaya unguwa suna tambayar ɗan Malam mai karatu a Lomé. Ana cikin haka sai Allah ya kawo mafita: Sadiya, ƙanwarsa, ta haihu a Dapaong. Uwa za ta tafi wankan jego, dole a samu mai ɗaukar mata kaya. In sun isa lafiya, mijin Sadiya direban babbar mota ne, zai tsallaka da shi Burkina. Matsalar ɗaya ce: hanya cike take da shingaye, kuma an ce a wasu wuraren sa samari ake yi su tuɓe riga, a duba ko akwai tabon zanga-zanga.

"Kai wannan, ɗauki buhun kanwar," ta ce masa, idonta na kan bango.

Haka take kiransa tun yana zanen goyo. Ɗan fari ne, kunyarsa take yi yadda ta gada. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba, da aka yaye shi ma wajen goggonsa ya tashi. Son da take masa kuwa, ita da Allah kaɗai suka san yawansa.

A tasha, Gajere direba yana ɗura wa motarsa man kwalba, don yajin aiki ya rufe gidajen mai har da ofisoshi. Gajere mutum ne mai zaƙin baki, irin wanda zai yabi akuya in ya san ta biya kuɗin mota. Ya dubi Sayyada, ya dubi saurayin da ke bayanta.

"Hajiya, ƙaninki ne wannan?"

Ya kamata ta ce a'a. Amma kunya ta riƙe mata harshe ta gefe ɗaya, daɗi ya riƙe ta ɗaya gefen. Sai ta yi murmushi kawai, ta gyara ɗankwali, ta shiga mota tana jin lallai man Memounatou ya fara aiki. Abdulƙadiri ya sunkuyar da kai, ya zauna kusa da ita, aka cusa buhun kanwa da ƙunshin kayan yaji a ƙarƙashin ƙafafunta.

Suka hau duwatsu suka sauka, suka wuce Kara, suka wuce Kanté. A kowane shinge Gajere ke leƙa kai ya yi raha, a ɗaga musu katako. Ba wanda ke hira a motar. Ko da wani ya fara maganar siyasa, sai ya dubi maƙwabcinsa ya mayar da ita maganar tsadar masara. Bayan Mango rana ta take, motar ta zama kamar tanda, gumi ya kwaɓe hodar Sayyada da man da ke ƙarƙashinta. Ƙafafunta kuwa sun daɗe da mutuwa a kan buhun kanwa.

Gab da Bombouaka suka tarar da shingen da Gajere bai san da shi ba. Ganguna biyu ne da katako mai ƙusoshi. Masu tsaronsa wasu da kaki, wasu da rabin kaki, duk da bindigogi. A ƙarƙashin wata bishiya samari ne zaune ba riga, hannuwansu a ka. Murmushin Gajere ya gudu.

Babbansu wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai ƙaton ciki, yaransa na ce masa Shef. Ya leƙo ta taga, ya yi magana da Hausar kasuwa, irin wadda ba ta raba mace da namiji.

"Samari duka, sauka. Cire riga. Mata zauna."

Abdulƙadiri ya miƙe. A nan ne Sayyada ta ga abin da take gudu: girgizar hanya ta fama raunin, wani ɗan jan tabo ya fito a kafaɗar rigarsa, kuma ƙara faɗi yake yi. Ko bai tuɓe ba, ido zai kai wurin.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta kama gefen mayafinta ta goge fuskarta tas, hoda da mai da kwalli duk suka tafi. Ta tura ɗankwalinta baya, furfurar da ko Malam ba ya gani da rana ta fito fili. Sannan ta yunƙura ta bi bayansa.

"Kai, na ce mata zauna!" Shef ya daka mata tsawa.

Tana taka ƙasa, matattun ƙafafun nan suka ƙi ɗaukarta. Wannan kam ba wasa ba ne, da gaske ta tafi luu za ta faɗi. Ta cafki kafaɗar Abdulƙadiri, daidai kan tabon, ta danne shi da tafin hannu, mayafinta ya rufe sauran. Ya cije leɓe don zafi, ya tallafe ta. Rabon da ta taɓa shi, tun yana koyon tafiya.

"Ƙaninta ne, Shef," in ji Gajere daga mota, wai shi taimako yake yi.

Shef ya dubi Sayyada daga sama har ƙasa, ya dubi Gajere kamar ya ga mahaukaci.

"Ƙani? Wannan tsohuwa? Maman, faɗa gaskiya. Ɗanka ne ko jikanka?"

Ko a wannan hali, sai da kalmar ta soke ta. Jika! Ta haɗiye.

"Ɗana ne. Ɗana na fari. Ƙanwarsa ta haihu a Dapaong, wankan jego zan je. Shi ne ƙafata, in ka ɗauke shi sai dai ka goya ni da kanka."

"Yaya sunansa?"

Saurayin ya buɗe baki, Shef ya ɗaga masa hannu. "Maman na tambaya."

Harshenta ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ta dubi samarin da ke ƙarƙashin bishiya.

"Abdulƙadiri," ta ce. Sai ta ji sunan ya fito da sauƙi, kamar dama a bakin ƙofa yake jira.

Shef bai gamsu ba tukuna. Ya fizge jakar da ke rataye a hannunta, ya zazzage a kan ganga. Carbi ya faɗo, da goro, da ɗan madubi, sai kwalbar ta gangaro ta tsaya a gabansa, Baturiyar tana masa murmushi. Ya ɗauka ya juya ta, ya kai ta nesa da ido yana haɗa baƙaƙen. Ya karanta wa yaransa da Faransanci, sannan ya juya wa 'yan mota da Hausa, don kada kowa ya rasa rabonsa.

"Wai yana goge tamoji. Wai tsohuwa yana koma yarinya." Ya dubi hoton, ya dubi fuskar Sayyada da rana ta haska kowane layi a cikinta. "Maman, naka ne? Tun yaushe kana shafa?"

Sayyada ta ji kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa. Da a Komah ne, da ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige. Amma a ƙarƙashin tafin hannunta tana jin ɗumin jinin ɗanta, kuma ta lura gefen bakin Shef ya fara motsi.

"Tun damina waccan," ta ce. Ta ɗaga haɓa, ta juya masa kunci ɗaya, ta juya ɗayan, kamar amarya a gaban mai hoto. "Ka ga aikinsa ai. Da ka gan ni kafin in fara!"

Shef ya yi ƙoƙarin riƙewa, abin ya fi ƙarfinsa. Ya fashe da dariya har ƙaton cikin nan yana tsalle a kan bel. Yaransa suka kama, matan mota suka kama, har Gajere da ya jawo rabin masifar. Sayyada ta tsaya a tsakiyar titi da furfura a waje, ana yi mata dariyar da ta fi tsoro a duniya, ita kuwa addu'a take kada ta tsaya.

Ya share hawaye da bayan hannu. "Madam nawa kullum yana damuna da wannan abu. Kullum! Wai in saya, in saya. Maman, tsakani da Allah, in saya?"

"Dube ni da kyau, Shef, ka je ka ba ta labari."

"Ka cece ni," ya ce, yana tura mata kayanta cikin jaka har da kwalbar. Ya juya ga Abdulƙadiri. "Kai kuma, wane irin ɗa ne? Ka bar uwarka a rana! Sa shi a mota kafin ya faɗi mini a nan."

Sauran samarin motar biyu aka duba bayansu aka sake su, aka ja katako. Sayyada ba ta ɗauke hannunta daga kafaɗar ba sai da shingen ya ɓace a baya. Da ta tuna waɗanda suka bari a ƙarƙashin bishiya, ta yi musu addu'a a zuci, don su ma wasu ne suka haife su. Sannan wani sanyi ya sauko mata tun daga ka har ƙafa, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da ɗan nan ya shigo gida da jini a riga. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta a hankali.

Can ya matso da bakinsa kusa da kunnenta.

"Inna, ashe kin san sunana."

"Rufe mana baki, kai wannan," ta ce daga cikin mayafin. Amma ba ta janye hannunta da ya riƙe ba.

La'asar sakaliya suka shiga Dapaong. Mijin Sadiya ya ce da sassafe zai yi lodi, ya riga ya tanadar wa surukinsa tsohuwar rigar yaran mota, kuma masu tsaron iyaka duk sun san motarsa. Aka wanke raunin aka sake ɗaure shi. Sayyada ta ɗauki jaririyar, ta ƙare mata kallo, fuskar nan jawur duk a tattare.

"Kun gani ko?" ta ce. "Ita ma da tamojinta ta zo."

Ta ba da umarni a hura wuta a ɗora tukunyar wanka, ta sa aka jiƙa kanwar kunu. Sadiya na kishingiɗe a kan gado tana bincike a jakar uwarta, ko an taho mata da goron gida. Sai ga kwalbar a hannunta.

"La, Inna, wannan ne man da ake ta magana? Matan unguwar nan duk sun ce in saya tun yanzu, wai haihuwa na tsofar da mace. Yana aiki kuwa?"

Sayyada ta leƙa ta ƙofa. Abdulƙadiri na zaune a kan turmi a tsakar gida, yana cin tuwo da hannu ɗaya, yana dariya da surukinsa. Ta karɓi kwalbar, ta buɗe, ta lakato da yawa, ta miƙe ƙafa ta shiga shafawa a kaushin diddigenta.

"Ko kaɗan, 'yar nan," ta ce. "Alhamdu lillahi."