Hotuna Uku da Mikiya Bai Gani Ba

Likita ya gyara zaman tabarau, ya jawo kujera kusa da kwamfuta, ya fara kallon cikin hanjinsa.

Nasa na kansa fa, ba na wani ba. Shekara goma sha takwas yana ba mutane 'yar ƙwayar nan mai kyamara su haɗiye, ta bi ƙaramin hanji tana ɗaukar hoto, sai jiya layi ya zo kansa. Wata shida ke nan jininsa na raguwa. An leƙa ta sama, an leƙa ta ƙasa, ba a ga inda yake yoyo ba. Saura tsakiya, inda ƙwayar kaɗai ke iya ratsawa. Da kyar ya haɗiye ta, har da ƙwalla, shi da kullum yake ce wa marasa lafiya ai kamar shan ruwa ne.

Hoto dubu hamsin da ɗoriya ke jiransa, kuma ya yi niyyar kallon su kaf. A asibitin, Mikiya ake ce masa saboda kaifin ido. Bai taɓa hana kowa ba. In ma sabuwar nas ta zo ba ta san sunan ba, yakan san yadda ya yi ta ji.

Aka turo ƙofa. Shugabar sashen ce, wadda ya koyar tun tana sabuwar likita, yanzu kuma ita ke duba shi.

"Malam, ai manhajar nan mai tace hotuna ta gama tun da safe. Minti shida. Ta kawar da hotuna masu kama da juna, ta ware arba'in da take zargi. In nuna maka?"

"Dakta, hanjin nan nawa ne ko nata?"

"Naka ne, Malam."

"To, a bar ni da kayana. Abin da bai taɓa ciwon ciki ba ne zai koya min aiki?"

Ta yi dariya ta ja masa ƙofa.

Hotunan suka yi ta wucewa kamar fim: rami ruwan hoda, lanƙwasa, kumfa, wata lanƙwasar. Can sai ga wani farin hazo ya rufe ko'ina. Ya gane shi sarai. Shayi da madara ne da ya kurɓa a ɓoye tun lokacin cin abinci bai yi ba, laifin da ya sha yi wa dattawa faɗa a kai. Ya waiga ko wani na kallo, ya ƙara gudun fim ɗin. Ɗakin shiru, fanka na juyawa, kujerar kuma mai laushi ce.

Bayan awa biyu ya aika a kira ta.

"Fes," in ji shi, yana harɗe hannu. "Babu komai. Sai ku nemi wani wurin."

Ba ta yi musu ba. Ta sunkuya ta buɗe abin da manhajar ta ware, ta tsaya a kan hotuna uku a jere. Wani ɗan jan tabo ne, bai kai ƙwayar barkono ba, da siririn zaren jini yana bin gefensa.

"Wannan ba ya cikin nawa," in ji shi.

Ta koma fim ɗin da ya kalla, ta kai shi daidai wurin. Ga shi nan, ya gifta ko daƙiƙa ɗaya bai yi ba.

"Malam," ta ce a hankali, "na wuce ta taga wajen sha ɗaya da rabi. Haɓarka na kan ƙirji, fim ɗin yana tafiya shi kaɗai."

"Tunani nake yi."

"Na ji tunanin har waje."

Ta ce abu ne mai sauƙi, za a shiga a ƙone jijiyar da ke yoyon, jini ya dawo. Daɗi ya kama shi, kunya kuma ta danne daɗin. Ashe abin da yake nema shi ne ya rufe masa ido: ƙarancin jinin ne ke sa shi barci.

Ya ɗauki waya ya kira gida. "Maman yara, wai ina gyangyaɗi da rana?"

"Sai yau ka sani? Shekaranjiya da cokali a hannu barci ya ɗauke ka. An kai wata shida. In na yi magana ka ce tunani kake yi."

Ya ajiye wayar. Wata shida. Ya jawo littafin da yake rubuta sakamako da hannunsa, ya bi shafukan da yatsa. A watannin nan, mutum goma sha bakwai ya rubuta wa "ba a ga komai ba". Ya tuna wani direba mai fararen idanu kamar takarda, wanda ya yi ta godiya, ya fita yana dafa bango.

"Dakta, waɗannan duka a zuba wa manhajar ta sake dubawa. A fara da direban."

"Malam, ita da ba ta taɓa ciwon ciki ba?"

"Ba ta taɓa gyangyaɗi ba kuma."

Ya tashi ya ba ta kujerar. Ta nuna masa wata a gefe, ya girgiza kai. A tsaye zai kalla.