Gwangwanin Zaharadden

A unguwar Khumra ta Jidda wa zai tsaya kallon lebura don ya riƙe gwangwanin lemon ƙarin kuzari? Ai shi ne ruwan shansu. Masu dako a manyan ɗakunan ajiyar kaya da shi suke karya kumallo, da shi suke korar barci, ko kai ne ya sara shi za a kwankwaɗa. Taƙa suke ce masa, wato ƙarfi. To, Saifuddeen, wani tsohon ɗan duniya da ya zo umra tun da sauran suma a kansa, a nan ya hango hanya. Sai ya rage lemon, ya cike gwangwanin da sadiƙi, giyar nan da ake dafawa a ɓoye, wadda ko mai dafa ta bai san ƙarfinta ba. Ka zauna a bainar jama'a kana kurɓar haram, ɗan sanda ya wuce har ka ɗaga masa hannu.

Lado ya san ƙanensa Zaharadden yana taɓawa. Shi ya yi masa hanyar zuwa Jidda, shi ya sama masa dako, kuma duk su biyun babu mai iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Bambancin kawai, Lado yana da matarsa Lubabatu da 'ya'ya a wani ɗaki a unguwar Mahjar, shi kuwa Zaharadden sai katifa a ɗakin gwagware.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, Lado ya ɗauko kwanon tuwon da Lubabatu ta yi wa ƙanen mijinta, ya nufo Khumra. Yana tura ƙofa wari ya mare shi. Ga Saifuddeen, ga wasu leburori, ga gwangwanaye zube kamar an watse biki.

Lado ya dubi ƙanensa ya ce, "Kai Deeni, me nake gani haka?"

"Taƙa ce kawai, Yaya."

"Ni za ka yi wa taƙa? Hancina toshewa ya yi?"

Zaharadden ya yi zumbur ya miƙe, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ware hannu. "Duba, Yaya. Wanda ya bugu yana tsayuwa haka? Wallahi garau nake. A kawo buhu yanzu ka ga aiki."

Kuma da gaske ya tsaya ƙyam, ido tar, harshe bai karye ba. A nan Lado ya ruɗu. Shi mashayan da ya sani a gida, 'yan burkutu, tangaɗi suke yi, su faɗa kwata, barci ya kwashe su. Bai san barcin nan rahama ne ba, shi ke ƙwace ƙwarya daga hannun mashayi kafin ta kai shi lahira. Taƙa kuwa barcin kawai take kora, giyar tana nan cikin jini tana ɓarnarta. Sai Lado ya yi faɗansa na babban wa, ya ce wannan ce ta ƙarshe, ya nemi wuri ya zauna. Yana kallo Zaharadden ya fasa wani gwangwanin, ya sake fasa wani.

Surutu yake zubawa babu numfashi. Gumi yana tsiyaya daga goshinsa alhali na'urar sanyi tana ta ruri. Can ya dafe ƙirji yana dariya, ya ce, "Yaya, taɓa ka ji, zuciyata sai ka ce injin markaɗe." Lado bai kai ga taɓawa ba. Dariyar ta tsaya a maƙogwaro, Zaharadden ya sulale ya kife a kan tabarma.

Kafin ka ce kwabo leburorin nan sun zare jiki, ko takalmi wani bai tsaya ɗauka ba. Lado ya girgiza ƙanensa, ya kira sunansa, ya yayyafa masa ruwa. Sai wani numfashi mai gurnani, ya ja, ya yi shiru, ya sake ja. Lado ya zaro waya.

Saifuddeen ya cafke masa hannu. "Wa za ka kira? Motar asibiti? Ita da 'yan sanda ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Su ji warin nan, su tambayi iƙama, halas, shi ke nan. Yau ka kwana a tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, jibi kana Kano. Lubabatu da yaran wa ka bar wa?"

"To in zuba ido ya mutu?"

"Wane irin mutuwa? Giyar ce ta rinjayi taƙar. Ɗura masa taƙa zalla, yanzu ya miƙe. Yau na fara gani?"

Ƙarya yake yi, tsinanne, wuyansa yake karewa. Lado ma a can ƙasan ransa ya sani. Amma tsoro ya riga ya kama shi, kuma maganar ta yi masa daidai da abin da yake so ya ji. Da hannunsa ya fasa gwangwanin, da hannunsa ya tallafo kan ƙanensa ya ɗura masa. Wayyo Lado! Mutumin da ba ya iya haɗiye yawu. Zaharadden ya shaƙe, amai ya taso ta baki ta hanci ya koma, leɓɓansa suka fara yin toka-toka.

Sai a sannan Saifuddeen ya ruga ya samo wani mai a-kori-kura. Marasa takarda suna da tasu hanyar kai majinyaci: a ajiye shi a bakin ƙofar asibiti, a ɓace. Duk tsawon hanya Lado yana rungume da shi a bayan mota, rana tana gasa su, yana ta faɗa masa a kunne, "Deeni, mun kusa, yi haƙuri, mun kusa." Direban ya sauke su, ya take mota da Saifuddeen a ciki.

Lado ya shimfiɗar da shi a bakin ƙofa, ya ƙwala ihu, ya ja da baya ya shige cikin masu taruwa. Ma'aikata suka fito da gudu. Yana gani suna danna ƙirjin, suna dannawa, har wata a cikinsu ta girgiza kai. Aka jawo farin mayafi aka rufe fuskar.

Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya zo yana bin fuskokin jama'a ɗaya bayan ɗaya. A kan Lado ya tsaya. Hancinsu ɗaya da mamacin, goshinsu ɗaya, ko makaho ya shafa zai gane.

"Ya Hajji," ya ce da Larabci, "ka san shi?"

Lado ya dubi ƙafafun da suka leƙo daga ƙarƙashin mayafin. Shi ya koya wa ƙafafun nan tafiya a tsakar gidan uwarsu.

"A'a," ya ce.

"Ko sunansa?"

"Ban san shi ba."

Ɗan sandan ya juya ga ma'aikatan ya ce su shiga da shi, ba shi da kowa.