Gadar Gwaggo

Shekara ashirin da ɗoriya mijin Gwaggo ne ke ɗaura gadar gora a kan rafin da ya raba gari da gonaki, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai Gada yake ce masa. Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Bana kuma ruwa ya zo da fushi ya tafi da gadar, ga hatsi ya nuna a tsallake, tsuntsaye sai shagali suke yi.

Gwaggo ta jira maza su motsa, shiru kake ji. Da ta tari mai gari da maganar, sai ya nuna mata allon da ofishin ayyuka ya kafa a bakin rafi: an hana gadar gora, a jira ta siminti. Ta simintin kuwa ginshiƙai biyu ne tsaye tun shekara huɗu, mata na shanya wanki a kan ƙarafansu.

"Ranka ya daɗe, to ta ina za mu bi?"

"Ku zagaya ta babban titi."

"Tafiyar rabin yini, da dami a ka?"

Ya ce shi dai ba ya ja da hukuma. Ta ce ta gode, ta juya.

A gida ta zaro adda daga ƙarƙashin gado. Mai Gada na kwance a inuwa, ya bi ta da ido.

"Ina zuwa da addata?" Maganarsa da ƙyar take fita.

"Malam, kai ka san gora, ni nake da hannu. Faɗa mini kawai."

Sai ya fara yi mata bayani. Kada ta sari kore shar, ta nemi wadda ta soma rawaya. Ta ƙwanƙwasa, in ta ji amo mai ƙarfi ta ƙosa. Ta sara daidai saman gaɓa don kada ruwa ya kwanta a kututturen ya ruɓar da shi. Ta babbaka ta a wuta saboda ƙwaro.

Ranar farko ita da surukarta ne kaɗai a kurmin gorar, ƙaiƙayi ya cinye musu wuya. Rana ta biyu mata shida suka biyo su. Da aka zo kafa ƙafafun gada sai aiki ya gagara, suka koma gida suka ɗauko Mai Gada a kan gadonsa, suka ajiye shi a bakin ruwa. Da hannunsa mai lafiya yake nuni, yana faɗa kamar yana da ƙafa. Kwana biyar gada ta tsaya.

Kwana biyu ana tsallakawa sai ga jami'in ofishin ayyuka da lebura uku.

"Mama, wa ya ba ki izini?"

"Hatsina."

"In wani ya faɗa fa? Ni za a kama."

"Ɗana, shekara ashirin akuya ɗaya ce ta taɓa faɗawa, ita ma da ƙafarta ta fito."

Ya ce umarni aka ba shi. Leburori suka datse igiyoyi, gora ta watse a ruwa. Gwaggo ba ta zagi kowa ba. Ɗamara ta ci, ta faɗa rafin har ƙirji, tana taro sandunan ɗaya bayan ɗaya tana miƙa wa mata. Tsinin wata ya tsaga mata tafin hannu, ta yagi bakin zani ta ɗaure.

"Me za ki yi da su?" in ji jami'in.

"Gobe ka dawo ka gani. Gora ba ta ƙare a kurmi ba, ni ma ban ƙare ba."

Washegari kunya ta fito da maza. Maƙeri ya fara zuwa, sai mai shago, sai ƙanen mai gari yana sunkuyar da kai. Kwana biyu suka gama, Mai Gada na kallo daga kan gadonsa, sabuwar gadar ta fi ta farko faɗi.

Da jami'in ya dawo, ya tarar da layin mutane a kanta, kowa da dami. Leburorinsa suka dubi taron, suka dubi juna, babu wanda ya ɗaga adda. Ya yi rubutu a takarda ya miƙa wa Gwaggo: ana nemanta a ofis.

Ta je kuwa. Ta yini a kan benci, kowa ya fito sai ya ce mai ganinta yana taro. La'asar na yi ta kakkaɓe zani, ta gaya wa masinja cewa in sun gama sun san inda rafin yake. Babu wanda ya sake nemanta. Hatsi ya shiga rumbu kafin sati ya zagayo.

Da ta ba Mai Gada labarin ofis, ta zaci zai yaba. Sai ya ce, "Ɗaurin ƙafa ta uku ya yi sako-sako. Tun daga nesa na gani."

"To tashi ka gyara mana."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da safe ta jiƙa sabuwar igiya, ta tafi ta sake ɗaurin.